Neman tallafin gidauniya don aikin lafiya a mazaɓa: daga ina ake farawa?

Malam Auwalu (mai kula da zaure): Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi uku suka shigo makon nan, duk a kan abu guda, shi ya sa na haɗe su wuri ɗaya. Don kada magana ta watse, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ƙungiyar ci-gaban wata mazaɓa ce a karkara. Mutanen mazaɓar kamar 20,000, asibitin matakin farko guda ɗaya, babban asibiti kuma sai an yi tafiyar kilomita 35. Yawancin mata a gida suke haihuwa, idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare babu motar da za ta kai su. Ƙungiyar na son rubuta wa wata gidauniya ta nemi tallafi. Da me za su fara? Masu sani, bismillah.

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Kada su fara da rubutu, su fara da takardunsu. Gidauniya ba ta karanta bayanin aiki sai ƙungiya ta tsallake tantancewar farko, kuma a nan ake zubar da yawancin masu nema. Abu na farko rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ƙarƙashin sashen F na dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu aƙalla biyu, da kundin tsarin ƙungiya, da rubutaccen bayanin taron da aka naɗa su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Takardar rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha tana da amfaninta, amma yawancin gidauniyoyi ta CAC suke tambaya. Bayan ta sai lambar haraji ta TIN, sai takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki zai nema kafin ya buɗe asusu da sunan ƙungiya. Rajistar SCUML kyauta ce ta intanet, duk wanda ya ce ku kawo kuɗinta ladan kansa yake nema.

Abin da mutane ke mantawa shi ne rahoton shekara-shekara da ake kai wa CAC. Ƙungiya ta yi rajista shekara biyar baya, ba ta sake waiwayar hukumar ba. Ma'aikacin gidauniya ya buga sunanta a shafin CAC ya ga an nuna ba ta aiki, magana ta ƙare tun kafin a buɗe shafi na biyu.

Zainabu: Malam Nasiru, idan ƙungiyar ba ta da asusu tukuna, ba za a iya ba da na shugaba ba kafin a buɗe?

Malam Nasiru: A'a ƙanwata, ko kusa. Sunan da ke kan asusu dole ya zama shi ne na kan takardar CAC, harafi da harafi. Masu sa hannu biyu ko uku, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa. Kuma kada su kasance miji da mata ko wa da ƙane, ana dubawa.

Anti Ladi: Ni ta ɓangaren asibiti zan shigo. Kafin a rubuta kalma ɗaya, a je wurin incajin asibitin mazaɓar a roƙi a ga rajista biyu: ta awon ciki da ta ɗakin haihuwa. A zauna da biro a ƙirga wata goma sha biyu da suka wuce. Mata nawa suka zo awon farko? Nawa suka kai zuwa na huɗu? Nawa suka haihu a asibitin? Nawa aka tura babban asibiti, kuma saboda me? A ce an samu 600 sun zo awon farko amma 140 kawai suka haihu a nan. To ga matsalarku nan a fili, mata sun san hanyar asibiti da rana, daren naƙuda ne ba sa zuwa. Wannan layi biyu ya fi shafi uku na bayanin cewa Najeriya na fama da mace-macen mata masu juna biyu. Mai karantawa ya san wannan, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 512 cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kusan kowace takardar nema da shi take buɗewa. Abin da bai sani ba shi ne halin mazaɓarku.

Amma a lura, rajista ba a ɗaukar hotonta da sunayen mata a tura. Adadi kawai ake kwafa, incaji ya sa hannu ya buga hatimi.

Likita Bashir: Na goyi bayan Anti. In ƙara yadda ake lissafin waɗanda aikin zai shafa, don a nan ake yawan zuƙi ta malle. Ma'aunin da ake tsara aikin lafiya da shi a Najeriya shi ne masu ciki kashi 5 cikin 100 na jama'a, jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4, 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20. Mazaɓa mai mutum 20,000 ke nan tana da masu ciki kusan 1,000 a shekara. A cikinsu ana sa ran kusan kashi 15 za su gamu da matsalar da ke buƙatar ƙwararre: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa. Mata 150 ke nan. Idan ƙungiya ta rubuta cewa mata 10,000 za su amfana a wannan mazaɓa, mai dubawa zai yi lissafin nan a cikin minti ɗaya ya gane ba a san aikin ba.

Sannan a fahimci inda jinkirin yake, domin iri uku ne. Jinkirin yanke shawara a gida, wato ana jiran maigida ya dawo ko ana gwada rubutu da jiƙe-jiƙe. Jinkirin hanya. Da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ƙaramar ƙungiya tana iya taɓa na farko da na biyu sosai. Na uku, wato ƙarancin ma'aikata da jini da wuta, ya fi ƙarfinta, kada ta yi alkawarin gyara shi. Ta dai nuna ta san da shi kuma ta yi magana da masu alhakinsa.

Alhaji Sabo: Ni a ganina magana ba ta da tsawo. Matsala mota ce, a nemi motar ɗaukar marasa lafiya. Abu ne da kowa zai gani da idonsa, jama'a su san ƙungiya ta yi aiki, gidauniya ma ta manna tambarinta a jiki.

Likita Bashir: Ranka ya daɗe, buƙatar gaskiya ce, amma tambayar da za su yi ita ce: wata na goma sha uku, bayan tallafi ya ƙare, wa zai biya direba, wa zai zuba mai, wa zai sayi taya? Zagaya harabar asibitocin karkara ka ga motocin da ke zaune a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Masu ba da tallafi sun ga irinsu da yawa. Abin da ya fi karɓuwa shi ne tsarin jigilar gaggawa da direbobin haya na ƙungiyar NURTW, wanda aka daɗe ana yi a jihohin Arewa. A zaɓi direbobin da ke kwana a ƙauyukan, a horar da su yadda ake ɗaukar mai naƙuda da alamomin haɗari, a raba lambobinsu ga ungozomomi da masu unguwanni, a biya su kuɗin mai, tasha kuma ta ba wanda ya yi jigilar damar yin lodi ba tare da bin layi ba. Motar tana nan tun kafin ku zo, kuma tana nan bayan kun tafi.

Alhaji Sabo: Na ji, Likita. Amma damina fa? Akwai ƙauyukan da ƙaramar mota ba ta shiga daga Yuli zuwa Satumba.

Likita Bashir: Wannan tambaya ita ce ya kamata ta fito a cikin takardar, a sashen abin da ka iya kawo cikas. A ambaci ƙauyukan da sunansu, a ce a watannin nan babur ko amalanke zai fito da mace zuwa bakin titi inda direba ke jira, kuma matan da watansu ya kama a ƙauyukan za a ba su shawarar komawa wurin dangi kusa da asibiti. Wanda ya rubuta haka an san ya taka ƙasar da ƙafarsa.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in yi maganar zaɓen gidauniya, don an fi ɓata lokaci a nan. Ba kowace ƙofa ake ƙwanƙwasawa ba. Gidauniyar Gates ba ta cika karɓar takardar da ba ita ta nema ba, da gwamnatoci da manyan ƙungiyoyi take aiki. Gidauniyar Aliko Dangote, da aka kafa a 1994, ita ma yawanci shirye-shiryenta take gudanarwa, kamar haɗin gwiwar rigakafi da ta yi da Gates da jihohi irin su Kano da Bauchi da Sakkwato. Ƙungiyar mazaɓa ta aika musu wasiƙa ta zauna jira, asarar wata shida ce. Waɗanda suka saba ba ƙananan ƙungiyoyi su ne irin Gidauniyar TY Danjuma, da ta fara aiki a 2009 a kan lafiya da ilimi, tana fitar da sanarwar neman takardu. Akwai AWDF da ke Accra, ta ƙungiyoyin da mata ke jagoranta ce. Akwai AmplifyChange a kan lafiyar haihuwa. Idan gini ne ko kayan aiki, ofishin jakadancin Japan na da tallafin ƙananan ayyuka, amma ba ya biyan albashi ko kuɗin tafiyar da ofis.

Kafin rubutu a karanta sanarwar sau biyu da biro a hannu, a ja layi ƙarƙashin abu biyar: jihohin da suke so, shekarun da ƙungiya za ta yi da rajista, mafi yawan kuɗin da za su bayar, abin da ba sa biya, da ranar rufewa. Ɗaya ya kuɓuce muku, ku haƙura ku nemi wata. Sannan a duba jerin waɗanda suka ba a bara da nawa suka ba su. Ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe naira miliyan biyu ba ta nemi miliyan tamanin, ba za a ba ta ba, ko da rubutun ya yi kyau. Tun da aka rufe USAID, hukumar tallafi ta gwamnatin Amurka, a 2025, manyan ƙungiyoyin da suka dogara da ita sun dawo suna neman ƙananan tallafin nan, gasa ta yi zafi fiye da da.

Zainabu: Hajiya, to sabuwar ƙungiya da ba ta da tarihin komai fa? Ko'ina cewa suke a kawo rahoton mai binciken kuɗi na shekara biyu.

Hajiya Rabi: Hanya biyu ce, 'yata. Ta farko, ku gina tarihin da kanku. Kuɗin karo-karo da zakka da gudummawar 'yan asalin gari da ke birni, duk su bi ta asusun ƙungiya, ko da naira dubu ɗari uku ne. Ku yi ƙaramin aiki da su, ku rubuta rahoton shafi biyu, a ƙarshen shekara akanta mai lasisin ICAN ko ANAN ya duba ya sa hannu. Shekara biyu a haka kun zama masu tarihi. Ta biyu, ku shiga ƙarƙashin babbar ƙungiya a matsayin abokan aiki. Kuɗin Global Fund na zazzaɓin cizon sauro, misali, yana isa ga ƙungiyoyin unguwanni ta hannun gamayyar ACOMIN. Kuɗin ba shi da yawa, amma a nan ake koyon cika fom da kai rahoto a kan lokaci, kuma a ƙarshe za ku samu wasiƙar shaida.

Malam Isuhu (Maraɗi): Salamu alaikum 'yan'uwa. A wajenmu Nijar tsarin ya ɗan bambanta, bari in faɗa saboda masu karatu daga nan. Izinin ƙungiya daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa, sannan akwai yarjejeniyar da ƙungiya ke sa wa hannu da gwamnati, da lambar haraji ta NIF. Aikin lafiya kuwa ba ya tafiya sai da amincewar babban likitan gunduma, kuma a ƙasa da CSI, wato asibitin matakin farko, da kwamitin gudanarwarta na COGES da wakilan lafiya na ƙauyuka ake aiki. Sauƙin da muke da shi a kan kuɗi shi ne sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka tallafin Turai ba ya narkewa a hannu. Dala ce ke motsi. Wahalarmu harshe ce, gidauniyoyi da yawa da Ingilishi kaɗai suke karɓa, sai an nemi mai fassara, kuma fassarar na'ura tana ɓata kalmomin kasafi.

Malam Nasiru: Madalla Malam Isuhu, ka kawo mu kan kasafi, inda na fi so a daɗe. Kasafi shi ne aikin da kansa a rubuce da lambobi. Gogaggen mai dubawa yakan fara da shi kafin bayani. Doka ɗaya ce: kowane layi ya nuna abu nawa, sau nawa, a kan nawa. Kada a rubuta "sufuri, miliyan ɗaya da rabi". A rubuta: jigila 150, kowace kilomita 70 zuwa da dawowa, lita 10 saboda munin hanya, a ce lita naira 1,000, jimla 1,500,000. Farashin misali na sa, ku tambayi gidan mai ranar da kuke rubutu. Ka ga 150 ɗin nan ita ce ta lissafin Likita. Haka ake so, lambar da ke cikin bayani ta zama ita ce a kasafi. Inda aka ce direba 30 a shafi na huɗu, kasafi ya ce abincin mutum 45, an fara zargi.

Horon direbobi a warware shi: mutum 30, kwana 2, abinci, kuɗin mota, mai horarwa 2, littafin rubuta jigila 30, rigar shaida 30. Kayan haihuwa da za a ba mace idan ta zo asibiti, a faɗi abin da ke cikin jaka: sabulu, leda ta shimfiɗa, safar hannu, maƙalin cibiya, audugar mata, man cibiya na chlorhexidine. A karɓo takardar farashi daga 'yan kasuwa uku a ajiye.

Abubuwan da ake mantawa kuma daga baya su ci ƙungiya: cajin banki, kuɗin mai binciken kuɗi, katin waya da data, man babur na mai zagayen duba aiki, da harajin da doka ta ce a cire daga albashi ko kwangila a kai wa hukuma. Sai kuɗin tafiyar da ofis. Kowace gidauniya da iyakarta, Gates tana ba ƙungiyoyi har kashi 15, wasu ƙasa da haka. Ku nemi abin da aka halatta. Ƙungiyar da ta rubuta sifiri don ta burge, ƙarshenta daga kuɗin aiki za ta biya haya, kuma wannan shi ne laifin da ake kama mutane da shi.

Na ƙarshe, hauhawar farashi. Wanda ya yi kasafi a farkon 2023 ya sha wuya: an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, a watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. Daga rubutu zuwa shigowar kuɗi ana iya yin wata shida ko tara. Idan an yarda da layin ko-ta-kwana, a sa shi. Idan da dala ne, a rubuta canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa.

Anti Ladi: Malam Nasiru, ƙara musu gudummawar gari. Ɗakin taron da hakimi ya bayar kyauta, lokacin 'yan sa-kai, asusun da magidanta za su riƙa zuba naira ɗari-ɗari duk wata don kuɗin mai. A ƙiyasta su da kuɗi a sa a shafi na daban. Asusun nan ma shi ne amsar tambayar wata na goma sha uku.

Kuma magunguna, don Allah a yi hattara. Misoprostol na hana zubar jini bayan haihuwa, ƙwaya uku ce, kowace maikrogiram 200, amma ba abin da ƙungiya za ta saya a kasuwa ta raba da kanta ba ne. Ta hannun asibiti da ma'aikacin da aka horar zai bi, mai lambar NAFDAC, da sanin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Haka abincin tamowa na leda, katan ɗaya ƙulli 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata har ya warke, amma ba a ba yaro sai an auna damtsensa an ga ya gaza santimita 11.5 ko ƙafafunsa sun kumbura, an kuma gwada ko yana iya ci. Takardar da ta ce "za mu raba magunguna ga jama'a" ba tare da ta faɗi wa zai rubuta, wa zai ajiye ba, tsoro take ba mai karantawa.

Alhaji Sabo: To aikin duba marasa lafiya kyauta na kwana biyu ko uku fa? Jama'a na son sa ƙwarai.

Likita Bashir: Yana da wurinsa, Alhaji, musamman aikin ido, inda ake cire yanar ido mutum ya tashi yana gani. Wannan an gama ke nan. Amma a auna wa mutum hawan jini a ba shi maganin sati biyu a tafi, me aka yi masa? A misalinmu na masu ciki, bai taɓa matsalar ba sam, domin naƙuda ba ta jiran ranar da tawaga za ta zo.

Hajiya Rabi: Mu koma kan rubutun kansa. Da yawa sukan fara neman taƙaitaccen bayani na shafi biyu ko uku, sai wanda ya tsallake a ce ya kawo cikakke. Manufa ta zama guda ɗaya mai ƙirguwa: haihuwa a asibitin mazaɓa ta tashi daga 140 zuwa 280 cikin wata 12. A bambance abin da kuka yi da abin da ya canza. Horar da direba 30 aiki ne. Mata nawa suka isa asibiti da rai a kan lokaci, shi ne sakamako. Kowane ma'auni a faɗi inda za a samo shi: rajistar ɗakin haihuwa, littafin direba da ungozomar asibiti ke sa wa hannu duk jigila, da alƙaluman da ƙaramar hukuma ke shigarwa a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya ta gwamnati, duk wata. Ma'auni huɗu ko biyar sun isa. Duk wanda kuka rubuta, sai kun kawo rahotonsa.

Wasiƙun goyon baya kuma a fara nemansu da wuri, don su ne ke cin lokaci: ta shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ta kwamitin ci-gaban mazaɓa, ta hakimi ko dagaci, ta shugaban tasha. Kada ta zama "muna goyon baya" kawai. Ta tasha ta ce mun amince da lodi ba layi. Ta asibiti ta ce akwai ma'aikaciyar da ke kwana. In babu mai kwana, ku tsaya ku warware wannan tukuna, kada ku kwaso mata cikin dare ku tarar da kwaɗo a ƙofa, daga ranar babu mai sake yarda da ku. A tambayi incaji kuma ko asibitin na cikin masu karɓar kuɗin BHCPF, asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, don kada ku nemi kuɗin abin da gwamnati ta riga ta biya.

Zainabu: Akwai masu cewa a ba su kashi 10 na tallafin su rubuta. Ya halatta?

Malam Nasiru: Daga ina za a fitar da kashi 10 ɗin? Babu layinsa a kasafi, kuma gidauniyoyi ba sa biyan abin da aka kashe kafin sa hannu a yarjejeniya. Ma'ana sai an ƙirƙiri rasit na ƙarya. An fara aikin da ha'inci ke nan. In za a ɗauki mai rubutu, a biya shi ladan aikinsa daga aljihun ƙungiya, a ci ko a faɗi.

Hajiya Rabi: Ni ban hana neman taimako ba, Malam, don Turancin wasu fom ɗin sai wanda ya saba. Sharaɗina shi ne shugabanni su zauna da shi, tunanin ya zama nasu. Domin za a kira su a waya ko a zo ziyara, a tambayi ma'aji me ya sa lita 10. In ya juya yana neman wanda ya rubuta, an gama. Haka masu sa manhajar kwamfuta ta rubuta musu, tana iya gyara Turanci, amma tana ƙago alƙaluma, kuma ba ta san sunan ƙauyen da rafi ke yankewa ba.

A kula da 'yan damfara. Gidauniyar gaskiya ba ta karɓar kuɗin fom, ba ta cewa a biya kafin a saki kuɗi, ba ta neman lambar sirrin katin banki, ba ta taya ku murnar tallafin da ba ku nema ba. Sanarwar da ta zo ta WhatsApp, a je shafin gidauniyar na ainihi a gani ko tana can.

Malam Auwalu (mai kula da zaure): A ce Allah ya sa an dace. Me ke biyo baya? Don wasu a nan suke faɗuwa.

Malam Nasiru: A karanta yarjejeniya a gaban dukkan amintattu kafin sa hannu. Kuɗin kashi-kashi yake zuwa, na biyu ba ya fita sai an karɓi rahoton na farko, don haka jinkirin rahoto na sati uku yana iya tsayar da direbobi wata biyu. Ba a ɗaukar kuɗin wani layi a kai wani sai da izini a rubuce idan ya wuce iyakar da aka sa, sau da yawa kashi 10 ce. Izinin baki a waya ba izini ba ne, a bi shi da imel.

Kowace fita da takardunta a maƙale wuri guda: takardar neman kuɗi, amincewar shugaba, rasit, shaidar tura kuɗi. Rasit ɗin gidan mai da na POS, irin farar takardar nan mai santsi, rubutunsa na gogewa cikin 'yan watanni, musamman a zafinmu. A yi masa hoto ko kwafi ranar da aka karɓa, a manna asalin a gefe. Takardar halartar taro kowa ya sa hannu da kansa, wadda ba ta rubutu ta dangwala yatsa, da lambar waya inda akwai. Mai bincike na ɗaga takarda ya ga suna 40 da rubutun hannu ɗaya da biro ɗaya, zai soke kuɗin taron gaba ɗaya ya ce a mayar. Direbobi a biya su ta asusu, ba kuɗi a hannu ba. In wa'adi ya kusa kuma aiki bai ƙare ba, a nemi ƙarin lokaci ba ƙarin kuɗi tun saura wata biyu. Abin da ya rage a asusu na gidauniya ne sai sun ce a riƙe.

Anti Ladi: Hotuna kuma. Mace a kan gadon haihuwa ba abin talla ba ce. Sai da izininta bayan an yi mata bayani da Hausa inda hoton zai je, kuma ta san in ta ƙi ba za a hana ta komai ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi wannan. In an rasa mace a hanya, a rubuta a rahoto yadda ya faru da abin da aka gyara. Ɓoyewa ce ke kashe amana, ba rashin ba.

Zainabu: Tambayata ta ƙarshe. Idan shafin turawa ya ƙi buɗewa ranar rufewa, suna karɓar uzuri?

Hajiya Rabi: Ba sa karɓa. A buɗe asusu a shafin tun ranar da aka ga sanarwa, don wasu sai sun tantance ku kwana biyu ko uku kafin ku iya shiga. A rubuta amsoshi a wani wuri daban sannan a kwafa, saboda akwatunan na da iyakar kalmomi kuma shafin na iya rufewa ya cinye rubutu. Takardun CAC da SCUML da rahoton kuɗi a mayar da su PDF marasa nauyi, kowace da sunanta. A duba agogon da suke nufi: ƙarfe 5 na yamma a Nairobi ƙarfe 3 ne a Kano da Maraɗi. A tura saura kwana biyu, a adana saƙon da ke nuna ya shiga. In amsa ta zo ba a dace ba, a aika gajeren imel na godiya a tambayi inda takardar ta gaza, wasu suna faɗa. Alƙaluman rajista kuma a ci gaba da karɓarsu wurin incaji duk ƙarshen wata, don sanarwa ta gaba na iya ba ku sati uku kacal.